Diskas ɗina suna ta zuba ƙwai amma ko ɗaya bai taɓa ƙyanƙyashewa ba

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kifin ado. Don Allah a taimaka min da shawara, abin ya fara isata. Ina zaune a Rijiyar Zaki a Kano, na daɗe ina riƙe da ƙananan kifaye irin su gofi da enjel. A bara wani abokina da zai koma Abuja ya bar min tankinsa na gilashi mai cin lita 200, da kabad ɗinsa da fitila da komai, shi ne na ce bari in gwada diskas, kifin adon nan mai zagayen jiki kamar faifai. Na yi odar guda shida daga Legas, aka sako su a mota, ɗaya ya iso a galabaice amma ya farfaɗo. Kuɗin da na zuba ko uwargida ban faɗa mata gaskiyarsa ba. Tankin yana falo, akwai tsakuwa a ƙasa, da ciyayi na roba, da 'yan tetra, da kifin nan mai lasar gilashi guda ɗaya. Yanzu biyu daga cikin diskas ɗin sun ware kansu, suna korar sauran, kusan duk sati sai sun zuba ƙwai. Kwana ɗaya ƙwan yana da kyau, washegari ya yi fari fat, kafin yamma sun cinye shi. Mai sayarwar ya rantse min akwai maza a ciki. Wane magani zan zuba?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam, ba magani kake buƙata ba, ruwanka ne. Ka ba mu labarin kabad da mota amma ba ka faɗi abu uku da ake tambaya ba: daga ina ruwan yake, nawa TDS ɗinsa (wato yawan ma'adinan da suka narke a ciki), kuma digiri nawa tankin ke kwana. Diskas kifin kogin Amazon ne, can Barazil da Peru da Kwalambiya, inda ruwan kusan ba shi da ma'adinai. Babban diskas zai rayu a ruwan burtsatse ya yi ƙiba, amma ƙwai ba ya yarda. Idan ruwa ya cika sinadarin kalsiyam, fatar ƙwan takan yi tauri da wuri, maniyyin namiji ya kasa shiga, sai ƙwan ya mutu ya yi fari. Don haihuwa ana son TDS ƙasa da 100, pH (ma'aunin tsamin ruwa) tsakanin 6 da 6.5, zafi digiri 28 zuwa 30. Ka sayi mitar TDS, kamar biro take, ana samu wajen masu kayan tace ruwa a Sabon Gari. Ka auna ka dawo.

Baban Amira:
Ruwan burtsatsen gidanmu ne Injiniya, kuma garau yake, shi muke sha. Enjel ɗina sun hayayyafa a cikinsa ba matsala.

Injiniya:
Garau a ido daban, awo daban. Enjel kuma ya fi diskas haƙuri da ruwa nesa ba kusa ba.

Hajiya Mai Kifi:
Ni dai kafin a sa bawan Allah kashe kuɗi, a fara tabbatar da cewa akwai namiji a cikin biyun. Mata biyu na diskas suna haɗa kai kamar mata da miji, su share wuri tare, su zuba ƙwai, su tsare shi, kuma duk ya yi fari a rana ta biyu, daidai yadda ka faɗa. Rantsuwar mai sayarwa ba hujja ba ce, domin ƙananan diskas ba a gane jinsinsu da ido. Lokacin zubin ƙwai kawai ake gani. Ka zauna nesa kaɗan ka kalla: macen takan hau daga ƙasa zuwa sama tana jera ƙwai layi ɗaya, sai namijin ya bi ta kan layin bai ƙara komai ba. In ka ga duka biyun suna barin ƙwai a bayansu, magana ta ƙare. Dubi ɗan bututun da ke fitowa a ƙarƙashin cikinsu ma, na mace kauri gare shi da dakusasshen baki, na namiji siriri ne mai tsini. Sannan wata nawa suke da shi? Mace kan fara zubi tun kafin ta cika shekara, namiji kuwa yakan haura shekara kafin ya iya aikinsa.

Ɗan Tarauni:
Hajiya ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Masu turo kifi daga kudu ba sa faɗin shekarun kifi, kuma da yawa tsumburarru ne. Duk diskas ɗin da idonsa ya yi wa jikinsa girma, jikin ya yi tsawo maimakon zagaye, an tsumbure shi tun yana ƙarami. Ga shi suna zuwa da cutar ciki. Farin kashi mai jan zare da kifi ya yi baƙi ya maƙale a lungu, wannan sai maganin metronidazol. Kuɗi kamar na rago, kaya kuma ba garanti.

Baban Amira:
Nawa ba tsumburarru ba ne gaskiya, kowa ya shigo falon sai ya yaba. Watanninsu ban tambaya ba. Amma wanda nake ce wa namijin ya fi girma, kuma goshinsa ya fi tudu.

Hajiya Mai Kifi:
Girma da goshi suna yaudara, Baban Amira. Ga hanya mai sauƙi: da zarar sun gama zubi, ka kifa raga ta roba ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa a kan ƙwan, da tazarar yatsa ɗaya, yadda za su iya yi masa fifita da fiffike amma baki ba zai kai ba. Ƙwai mai rai launin zuma ne, yana ƙara duhu, wajen cikar kwana biyu za ka ga ɗigon baƙi a ciki. Ko guda biyar suka yi haka a cikin ɗari biyu, kana da namiji.

Injiniya:
Ragar ba za ta nuna masa komai ba in ruwan ya kai TDS 300, domin ko da namiji duka za su yi fari, sai ya raba ma'aurata na gaskiya a banza. A gyara ruwa tukuna. Ga yadda ake yi. Tanki daban, lita 100 ya isa, tsawo da faɗi santimita 50, tsayi 40. Babu tsakuwa, babu ado, ƙasa fayau don ka ga datti ka zuƙe da tiyo. Ka sa matatar ruwa ta soso mai aiki da injin iska, amma ka fara sa soson a tsohon tankin sati uku zuwa huɗu ya kama ƙwayoyin da ke cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, in ba haka ba sabon tanki zai ƙona su. Ka tsayar da guntun bututun roba na famfo mai faɗi, ko sabon kaskon fulawa na ƙasa a kife, su zuba a kai. Ruwan kuma ka haɗa: in burtsatsenka 300 ne, na injin RO, wato injin da ke tace ma'adinai daga ruwa, kuma wajen 15, kashi uku na RO da kashi ɗaya na burtsatse zai ba ka kusan 85. Kada ka zuba na RO zalla, pH zai faɗi warwas cikin dare. Kuma kada ka sauke su lokaci guda, ka riƙa canza kashi 20 cikin ɗari kullum har ya sauka. Lokacin da suke zubi ka rage iskar matata na awa ɗaya don kada motsin ruwa ya kwashe maniyyin.

Baban Amira:
Wallahi ba ni da wurin tanki na biyu, kuma injin RO ba yanzu ba. Ruwan leda fa?

Injiniya:
Wasu kamfanonin RO suke yi, wasu tacewa kawai, sai ka auna. Amma yi lissafi: jaka ɗaya leda 20 ce, lita 10 ke nan. Tankinka na lita 200, canjin kashi 20 kullum lita 40 ne, wato jaka uku ta leda da lita 10 na burtsatse kowace rana. Cikin 'yan watanni ka kashe kuɗin injin a ruwan leda. Ruwan sama ya fi arha, amma muna Janairu, sai Yuni, kuma ba a tarar na farkon damina saboda ƙurar kwano.

Malam Na Kabuga:
Kowa na maganar ruwa an manta muna cikin hunturu. Da asuba garin nan yana sauka ƙasa da digiri 15. In an ɗauke wuta tsakar dare, hita ta mutu, tankin da ke 29 da magariba zai iya wayar gari a 24, kuma wannan kaɗai ya isa ya kashe ƙwai ya sa iyaye su cinye. Lita 200 na son hita mai wat 200 zuwa 300, ita kuwa tana shanye batirin inbata. Abin yi shi ne ka liƙa farin kumfan nan na cikin kwalin firji a baya da gefe biyu da ƙasa, ka rufe sama, ka lulluɓa bargo da dare. Injin iska kuma ka nemi mai batiri a ciki. Wahalar wutar nan ce ta hana kiwon kifin nan yaɗuwa a Kano, ga bazara in ta zo ruwa ya haura 33 sai ka koma sa fanka a saman tanki. Ka duba ma'aunin zafi da asuba kafin ka fita masallaci, ka faɗa mana abin da ya nuna.

Baban Amira:
Ina da sola Malam, hita ba ta mutuwa. Ai a jikin hitar ma suke zuba ƙwan, ina ga ɗumin suke so.

Malam Na Kabuga:
Ikon Allah. Wannan ai da shi ya kamata ka fara. Duk lokacin da hitar ta kunna, gilashinta yana zafi fiye da ruwan da yawa, dafa ƙwan take yi. Ba ɗumi suke bi ba, abu mai santsi a tsaye suke nema, kuma ita kaɗai ka ba su. Ka kwantar da ita a ƙasa ko ka sa mata murfin roba mai huji, ka ba su bututu a lungun da suke tsarewa.

Hajiya Mai Kifi:
Ka kuma fitar da mai lasar gilashin nan, da dare yake fitowa ya lashe ƙwai, wani lokaci har ya liƙe a jikin diskas yana tsotsar yauƙinsa. Ko an ƙyanƙyashe ma, a tankin haɗaka 'ya'yan ba za su kai labari ba. Bayan kwana biyu zuwa biyu da rabi suke fashewa, su yi wasu kwana biyu ko uku suna maƙale suna kaɗa jela, sannan su tashi su nemi jikin iyaye, yauƙin fatarsu shi ne abincinsu na farko. Abu mai duhu suke bi, shi ya sa ake rage ruwa zuwa dab da saman fiffiken iyayen, a naɗe baƙin soso da farin ƙyalle, a bar 'yar fitila mara ƙarfi da dare. Wane iri ne naka? Masu launin ja da ruwan ɗorawa irin pigeon blood ba sa yin duhu sosai, 'ya'yan kan sha wuyar gane su. Daga kwana huɗu ko biyar da tashi ka fara ba su atemiya, 'yan mitsitsin jatan lande na ruwan gishiri, da ka ƙyanƙyashe a wani mazubi daban: gishiri mara aidin giram 25 zuwa 30 a lita ɗaya, da iska, awa 24 zuwa 36. A raba su da iyaye bayan sati biyu zuwa uku.

Injiniya:
Hitar matsala ce, na yarda, amma ku rubuta ku ajiye: zai gyara ta, ƙwan ya sake yin fari. Ruwa ne.

Ɗan Tarauni:
Ni da zai ji tawa, ya ba su maganin tsutsa furazikwantel tun yanzu, domin tsutsar da ke kama wurin numfashi daga iyaye take sauka kan 'ya'ya, su kai sati uku suna kyau sai su fara mutuwa.

Baban Amira:
Na gode kwarai. Amma hitar nan tun da aka ba ni tankin a nan take, in na taɓa ta ina tsoron su daina zubin gaba ɗaya. Mai lasar gilashin kuma na Amira ne, fitar da shi rigima ce. Wani ya ce min in ɗiga shuɗin maganin nan metilin bulu ƙwan ba zai yi fari ba. Ɗigo nawa ake sa wa lita 200?

Injiniya:
Shi fumfuna kawai yake hanawa, ba ya raya mataccen ƙwai, kuma zai kashe maka ƙwayoyin da ke cikin matatar ruwanka. Ka auna TDS ɗin?

Baban Amira:
Ban samu shiga Sabon Gari ba tukuna. Ga shi yanzu ma sun fara share jikin hitar.