Na warware tambayoyi sama da 60 amma na ci 6 cikin 30 a Statiks, ina mafita?

Ɗan Aji Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min da shawara, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina aji biyu a sashen injiniyan gine-gine, kuma wannan zangon muke ɗaukar Makaniks, ɓangaren Statiks, wato lissafin ƙarfin da ke kan abubuwan da ba sa motsi. Tun ina sakandare ni ake kira in fito allo idan lissafin Fiziks ya gagari aji, ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Yayana ya so in karanta likitanci, ni kuma na kafe sai injiniya, har muka yi wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu, sai da mahaifiyarmu ta sa baki. Yanzu shi ke ɗauke da nauyin karatuna. Da wane ido zan kalle shi in ce na faɗi?

An yi mana gwajin farko, na ci 6 cikin 30. Ni da na zauna na warware tambayoyi sama da 60 kafin ranar! Matsalar daga lakcaran take. Ba ya warware misalai da yawa a allo. Sai ya rubuta tambaya, ya ce kowa ya zaɓi amsa ya ɗaga hannu, sannan ya ce ka juya ka shawo kan na kusa da kai. Ni na zo a koya min ne, ban zo in koya wa wani ba. Saura sati shida jarrabawa. In ajiye kwas ɗin zuwa baɗi ko Allah zai sa a canza malami, ko in shiga tutoriyal ɗin 'yan aji huɗu?

Mai Kari-oba:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, gode wa Allah naku yana ma kallon fuskokinku. Namu baya yake juya mana daga farkon lakca har ƙarshe, yana kwafar wani tsohon littafinsa da ya yi ja. Zaure cike maƙil, lasifika ta lalace, na baya ba sa jin komai. Na taɓa ɗaga hannu na ce ban gane inda ya samo wata alamar ragi ba, ya ce in koma sakandare. Sau biyu na maimaita kwas ɗin nan, har yau abin yana min ciwo. Shawarata, nemi tsofaffin takardun jarrabawa na shekara biyar ka haddace su. Da haka na tsallake.

Injiniyan Gada:
Ƙanina, ka ba mu labarin yayanka da sakandarenku, amma ba ka faɗa mana ko tambaya ɗaya da ka faɗi ba. Kawo ɗaya mu gani. Sannan tambayoyi 60 ɗin nan, littafin amsa a rufe yake ko a buɗe lokacin da kake yin su?

Ɗan Aji Biyu:
Yallaɓai, ina duba amsa ne kawai idan na maƙale. Ga tambayar da ta fi maki. Sandar ƙarfe mai tsawon mita 4 a kwance, madogarar hagu fin ce, wato ƙusar da ke hana ta zamewa, ta dama mai taya ce. An ɗora ƙarfi na 10 kN (kiloniyuton, ma'aunin ƙarfi) a mita 1 daga hagu, a nemo martanin madogaran, wato ƙarfin da kowace ke mayarwa. Na yi irinta sau da yawa, amsar 7.5 kN a hagu, 2.5 kN a dama, haka na rubuta. Ashe lakcaran ya karkata ƙarfin da digiri 30 daga kwance. Bai taɓa yin irin wannan a aji ba, wannan ai mugunta ce.

Injiniyan Gada:
Babu wata mugunta a nan. Amsa ka gane, ba tambaya ba. Da ka zana sandar ita kaɗai, ka cire madogaran ka sa kibiyoyi a gurbinsu, abin da kuke kira FBD, da idonka ya nuna maka. Ƙarfin da ya karkata gida biyu ake raba shi. Na tsaye 10 sau sin 30, wato 5 kN. Na kwance 10 sau cos 30, wato 8.66 kN. Ɗauki momen, wato ƙarfi sau nisansa, a madogarar hagu: 5 sau 1 daidai yake da martanin dama sau 4, dama ta zama 1.25 kN, hagu 3.75 kN. Shi kuma 8.66 ɗin, wa zai riƙe shi? Taya ba ta hana zamewa, saboda haka fin ɗin ce za ta ɗauke shi gaba ɗaya. Kai a takardarka ba ka ma san da shi ba. A wurin aiki, irin wannan mantuwar ce ke tsinka kusoshi.

Statiks na shimfiɗe, irin na sandar nan da ake zanawa a takarda, ƙa'ida uku ce kacal: jimlar ƙarfin kwance sifili, jimlar na tsaye sifili, jimlar momen sifili. Duk daga dokokin da Newton ya wallafa a 1687 suke, ba wanda ya ƙara musu komai don ya wahalar da kai. Wahalar tana wajen sanin waɗanne kibiyoyi za su hau zanen, kuma wannan littafin amsa ba ya koyar da shi, domin idan ka buɗe sai ka tarar an riga an zana maka. Mai cewa ka haddace tsofaffin takardu, ramin da ka faɗa yake ƙara tura ka.

Mai Kari-oba:
Yallaɓai, da girmanka, amma ku kun gama kun manta. Yaron nan sati shida gare shi kuma ba wannan kwas kaɗai yake ɗauka ba. Ya fara tsira da makinsa tukuna, fahimta ta biyo baya.

Injiniyan Gada:
Ba ta biyowa. Na karɓi matasa masu digiri da ba su iya bambance kilogiram da niyuton ba. Ka ce musu kaya kilo 50 ne, su rubuta 50 N maimakon su ninka da 9.81 su sami 490.5 N. Duk 'yan hadda ne.

Malama Mai Tutoriyal:
Ina taya malamai koyar da wannan kwas ɗin, bari in ce wani abu kan lakcaranku. Abin da yake yi ba ƙiwa ba ce. Eric Mazur, malamin Fiziks a jami'ar Harvard ta Amurka, shi ya fito da salon a farkon shekarun 1990, bayan ya gano ɗalibansa suna cin lissafi mai wuya amma suna faɗuwa tambayoyi masu sauƙi da ke neman fahimta. A 2014 kuma Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 kan darussan kimiyya, injiniya da lissafi. Inda lakca zalla ake yi, kashi 33.8 cikin ɗari na ɗalibai ke faɗuwa, inda ake sa su aiki da kansu a aji kuwa kashi 21.8.

Amma ban wanke shi duka ba. Wanda bai taɓa ganin an warware tambaya daki-daki ba yana buƙatar ya gani, sau biyu ko uku, kafin a ce ya yi gardama da maƙwabcinsa. Idan da gaske ba ya yin misalai, ku haɗu ku biyar ku same shi a ofis da ladabi ku roƙa. Kai kuma tafi da takardar gwajinka, ka ce ya nuna maka layin farko da ka kauce. Ka taɓa zuwa ofishinsa?

Ɗan Aji Biyu:
Malama, ban taɓa ba, kuma gaskiya ba na jin zan iya. Mutumin da ya ba ni 6 me zai faɗa min? Batun maƙwabci kuma, wanda ke zama kusa da ni bai fi ni sani ba. Ranar da aka yi tambayar tsani jingine da bango mai santsi, ya dage bango yana tura tsanin sama, na ce a'a, muka ɓata minti biyar a banza.

Malama Mai Tutoriyal:
Kai ke da gaskiya ai, bango mai santsi gefe kawai yake turawa. To da ka ce a'a, ka iya gaya masa dalili?

Ɗan Aji Biyu:
Na san haka yake a littafi. Yallaɓai Injiniya kuma, na ji maganarka, amma minti 45 aka ba mu, tambaya huɗu. In na tsaya zane-zane yaushe zan yi lissafin? A sakandare ban taɓa zana komai ba kuma ina ci.

'Yar Aji Huɗu:
Ni dai kar ka ajiye. Na ajiye shi a aji biyu saboda tsoro, sai ga shi ba a bar ni na ɗauki Dainamiks, wato lissafin abubuwa masu motsi, da kwas ɗin ƙarfin kayan gini ba, tunda dukansu a kansa suka tsaya. Jadawalina ya rikice, ƙawayena suka wuce ni, kuma da na dawo malamin nan dai na tarar. Duba dokar sashenku kafin ka sa hannu a komai. Tutoriyal ɗin ma ka yi hattara, wasunsu tsofaffin tambayoyi kawai suke rera muku.

Injiniyan Gada:
Zanen minti ɗaya yake ci. Rashinsa ya cinye maka maki 24. Ga aiki: daga yau tambaya uku kullum, ba 60 ba. Littafin amsa a rufe. Kar ka taɓa kalkuleta sai ka zana jikin a ware, ka sa wa kowace kibiya suna, ka faɗi da bakinka wane ne ke tura ta. In ka kasa faɗin mai turawa, goge ta. Fara da tsanin nan: nauyinsa a tsakiya, turin bango, turin ƙasa, da gogayyar ƙasa da ke hana ƙafarsa zamewa. Zana ka ɗauki hoto ka turo yau, zan duba.

Mai Kari-oba:
Tambaya uku a rana, jarrabawa saura sati shida? Allah ya kyauta. Ɗan uwa, in kana son takardun nan ina da su har yanzu.

Ɗan Aji Biyu:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Zan gwada zanen idan na samu sarari, amma har yanzu ina ganin da wani malamin ne da ban ci 6 ba. Na riga na yi magana da masu tutoriyal, gobe za su fara. Mai Kari-oba, turo min takardun. Abin da ba wanda ya amsa min shi ne, in gaya wa Yaya yanzu ko in bari sai sakamako ya fito?

Injiniyan Gada:
Ina jiran hoton tsanin.