Me za mu kira fotenshiyomita da Hausa?

Jama'a, a taya ni zaɓen suna. Akwai wani ɗan abu a cikin sitiyarin wasan tseren mota na kwamfuta, da cikin matakansa na totur da birki, wanda Turawa ke kira fotenshiyomita. Yana cikin abubuwan da suka fi saurin gajiya a kayan, gyaransa kuma ba wuya. Wuyar tana wajen bayani, don kowace jimla sai ta yi tuntuɓe da kalma mai gaɓa shida.

Kafin a ba abu suna, a san aikinsa. Girmansa bai wuce murfin kwalba ba, yana da ƙafa uku da ɗan sanda da ake murɗawa. A ciki an shimfiɗa siririn layin kabon a lanƙwashe, bai cika da'ira ba. Ƙafafun gefe biyu suna riƙe da bakin layin nan da can: ɗaya ta karɓi wuta, a ce bolt 5, ɗaya tana kan sifili. Ta tsakiya haɗe take da wani ɗan harshen ƙarfe mai goga layin. In harshen na tsakiyar layi, bolt 2.5 ke fita. In ka murɗa sitiyari hagu wutar ta ragu, in ka murɗa dama ta ƙaru, ko akasin haka, gwargwadon yadda aka haɗa waya. Allon da ke cikin sitiyarin ya karanta wutar ya mayar da ita lamba, daga 0 zuwa 255 a masu bit 8, ko zuwa 1023 a masu bit 10, wasan kuma ya san inda hannunka yake.

Gogar nan ita ce ajalinsa. Ƙura ta shiga, kabon ya sire a wurin da harshen ya fi zama, sai ka ga mota na karkarwa a miƙaƙƙiyar hanya, ko ka take totur har ƙasa amma wasan ya ce ba ka kai ba, ko birki ya riƙa kama kansa alhali ƙafarka ba ta kusa.

To, ga shawarwarin da suka shigo.

Masu cewa a bar ta fotenshiyomita, tunda mun karɓi kwamfuta da intanet: na ji, amma kwamfuta ta shiga baki ne saboda tana faɗuwa da sauƙi. Wannan kuwa su kansu masu ita sun gutsure ta zuwa gaɓa ɗaya, suna cewa "pot". Abin da mai shi ya gaji da ɗauka, ban ga dalilin da za mu ɗora wa kanmu ba.

Wani malami ya kawo tasa. Allah ya gafarta Malam, na ga taka: "ma'aunin ƙarfin lantarki". A fassara ba ka kauce ba, haka gaɓoɓin kalmar suke nufi. Sai dai sunan gado ne. A shekarar 1841 wani masanin kimiyya Bajamushe, Johann Christian Poggendorff, ya fito da dabarar auna ƙarfin wuta ta hanyar zame mahaɗi a kan doguwar waya har allurar na'ura ta tsaya a sifili. Wancan ma'auni ne na gaske. Ɗan abin da ke cikin sitiyari ya gaji zamiyar da sunan, bai gaji awon ba. Ba ya auna wuta, shi ake aunawa. In muka ce masa ma'aunin lantarki, ranar da za mu ce "ɗauko ma'auni ka auna ma'auni" yaro zai tsaya yana kallonmu, don mitar da mai gyara ke riƙewa ita ta fi cancantar wannan suna.

Yayana mai gyaran rediyo ya ce ba a buƙatar wani taro, su tuntuni bolum suke ce masa, wato sunan abin ƙara sautin rediyo. Gaskiya ne, kuma kalmar da ke bakin masu sana'a tana da alfarmar da ƙirƙirarriya ba ta da ita. Na so in miƙa wuya a nan. Abin da ya hana ni shi ne sunan yana iya sa mutum ya sayo abin da zai ɓata masa aiki.

Ga yadda abin yake. Kunnen ɗan Adam ba ya jin ƙaruwar sauti daidai da ƙaruwar wuta, saboda haka ana ƙera na rediyo da layin da turjiyarsa, wato yadda yake tare wuta, ba ta tafiya daidai wa daida. A rabin murɗi, wajen kashi goma ko sha biyar cikin ɗari na wutar kawai yake bayarwa, sauran duk yana jibge a rabin ƙarshe. Na sitiyari kuwa dole rabin murɗi ya ba da rabin wuta. Yawancin kamfanoni suna buga harafin A a jikin na sauti, B a jikin mai tafiya daidai, shi ya sa za ka ga B10K, wato mai tafiya daidai, om dubu goma (om shi ne awon turjiya). A ido iri ɗaya ne, ƙafa uku, sanda ɗaya. Ka sa na rediyo a sitiyari, tsakiya ta gudu gefe, murɗi ɗaya ya mutu, ɗayan ya zama mahaukaci. Duk bolum fotenshiyomita ne, amma ba duk fotenshiyomita ne bolum ba. Don haka, Yaya, bolum ya tsaya a matsayin sunan na sauti, ba mu ƙwace muku ba.

An kawo "mamurɗi". Yana da daɗin faɗa, sai dai ya fi kama da sunan maɓallin da ake kamawa da yatsu, ba abin da ke bayansa ba. Kuma akwai irin da ba a murɗawa, zamewa ake yi sama da ƙasa, kamar na teburin haɗa sauti.

"Raba-wuta" ta burge ni, ginin Hausa ne tsantsa, irin na raba-gardama da ɓata-gari. Amma kunne ya riga ya saba da masu rarraba wutar lantarki, hankali zai tafi can.

"Ma'aunin juyi" kuwa kada a yar da ita, tana da gurbi. Ita ce sunan aikin, ba sunan kayan ba, don ba hanya ɗaya ake sanin juyin sitiyari ba. Fotenshiyomita na yau da kullum ba ya wuce digiri 270 zuwa 300, shi ya sa aka fi samunsa a sitiyarin da ba ya cika zagaye ɗaya. Masu juya digiri 900 wata dabara suke bi. Sitiyarin kamfanin Logitech samfurin G25 da G27 suna ƙirga juyi da haske ta cikin faifai mai tsage-tsage, G29 kuma da maganaɗisu, bisa abin da Edwin Hall ya gano a 1879. Waɗannan ba sa goga komai. Amma matakan totur da birki da kuloci na duka ukun suna aiki da namu mai ƙafa uku. Ke nan ma'aunin juyi iri uku ne: mai haske, mai maganaɗisu, da mai goge.

Abin da na tsaya a kai shi ne marabin wuta. Tushen "raba" ne, a zubin da Hausa ke yi wa kayan aiki: buɗe ya ba da mabuɗi, girbe ya ba da magirbi, auna ya ba da ma'auni. Aikinsa ke nan ba ƙari, ya raba wuta biyu a duk inda harshensa ya tsaya. Yana karɓar jam'i, marabai, yana karɓar mallaka, marabin totur, marabin birki, kuma bai damu da murɗi ko zamiya ba.

Bari mu ɗora wa sunan kaya, mu yi bayanin gyara da shi, mu ga ko zai ɗauka.

Cire sitiyarin daga wuta da kwamfuta, ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka taɓa su. Sa mita a kan om, ka ɗora a ƙafafun gefe na marabin. In B10K ne za ka ga kusan dubu goma, ko ya ɗan haura ko ya ɗan gaza, kuma lambar ba za ta motsa ba ko ka murɗa. Mayar da tsinken mitar ɗaya ƙafar tsakiya, ka murɗa a hankali. Lafiyayyen marabi zai hau lamba a jere. Wanda ya yi tsalle ko ya ɗauke a wani wuri, can ciwon yake. Fesa masa ruwan wanke mahaɗan lantarki ta kafar da ke kusa da ƙafafun, ka murɗa shi gaba da baya sau da yawa, ka bari ya bushe. Ban da man sassauta kusoshi, wannan ƙura yake tarawa. In tsallen ya dawo a wuri guda, layin ne ya sire, wanki ba ya mayar da kabon, sai canji.

Wajen canji a dubi om, a dubi harafin B, a dubi tsawon sanda da siffar bakinsa, a kuma dubi iyakar murɗinsa, don wasu maraban matakai an yi layinsu gajere ne musamman, na gama-gari ba zai ba da cikakken totur ba. Na sitiyari a tsayar da shi a rabin om ɗinsa, wato dubu biyar in B10K ne, kafin a ɗaure, sitiyarin na miƙe. In an gama aka ga mota na bin hagu alhali an murɗa dama, wayoyin gefe biyu ne suka sauya wuri, a musanya su, ta tsakiya kada a taɓa ta. Sai a shiga saitin wasan a sake nuna masa iyakar hagu da dama da tsakiya.