Ƙwannafi muna da shi, amma me za mu kira "acid reflux"?

Jama'a, jiya na ga an fassara "heartburn" da "ƙunar zuciya", abin ya tsaya mini a rai. Ƙunar zuciya ai ɓacin rai ne. Wanda ya ci ƙosai da yaji ya kwanta, ƙirjinsa ya ɗau zafi, ƙwannafi yake yi, zuciya ba ruwanta. Wannan kalma tun kaka da kakanni muke da ita.

Inda gizo ke saƙar shi ne "acid reflux". Ƙwannafi abin da mutum ke ji ne, wannan kuwa musabbabinsa ne. A mahaɗar maƙoshi da tumbi akwai wata tsoka kamar zobe, tana buɗewa abinci ya wuce, sai ta tsuke. Idan ta saki, ruwa mai tsamin da ke narka abinci ya samu hanyar dawowa sama, ya ƙona maƙoshi. Maiƙo yana sa ta saki, haka taba sigari. Teɓa da juna biyu kuma matse tumbin suke yi daga ƙasa.

Wani malamina ya kawo "tumbuɗi". Allah ya gafarta Malam, ya yi kusa, sai dai tumbuɗi na jarirai ne, kuma waje yake fitowa. Kumallo amai ne mai ɗaci. Wadda ta fi damuna ita ce "olsa". Mahaifiyata ta yi shekaru tana kiran nata da wannan suna, alhali olsa gyambo ne a tumbi ko farkon hanji. Nata kuwa dawowa barci ne da ta gama sahur: kafin hantsi ta farka da tsami a baki, murya a dishe.

Ni dai na tsaya kan "tasowar tsami". Dama mutane kan ce "abinci yana taso mini", kun ga ba baƙon zance muka ƙirƙiro ba. Kuma sunan da kansa yana nuna dabara: abin da ke tasowa, zama a miƙe ke danne shi. Shi ya sa likitoci ke cewa a jira kamar awa 3 bayan cin abinci kafin a kwanta.

Idan abin ya zama jiki, sau 2 ko fiye a mako, sai mu ce "ciwon tasowar tsami", wanda likita ya kamata ya duba. 'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi, ku yaya kuke ce masa?