Kilo 83 na jan ƙarfe a motar lantarki: bincike ne ko tallar haja?

Malam Nura: Duk inda aka yi zancen motar lantarki sai an jefo alƙaluman nan: mai fetur kilo 23 na jan ƙarfe, mai haɗa fetur da batir kilo 40, wadda ake jona wa caji kuma tana shan mai kilo 60, mai batir zalla kilo 83. Ƙungiyar masu jan ƙarfe ta duniya, ICA, ita ta ba kamfanin IDTechEx aikin a 2017. Mai haja ne ya biya mai awo. Ni a wajena wannan talla ce.

Injiniya Hauwa: Malam Nura, biyan kuɗi ba ya mayar da sikeli maƙaryaci, a kwance motar a auna. Wuri huɗu ƙarin jan ƙarfen yake: siririn fallen da ke cikin ƙwayoyin batir a ɓangaren negatif, kaurinsa maikiron 6 zuwa 10, sandunan da ke haɗa ƙwayoyin, kwayil ɗin injin, sai manyan wayoyin nan masu ruwan lemo da ke tashi daga batir zuwa inbata (na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wadda injin ke sha) da bakin caji. Fallen kuwa ba ya musanyuwa da alminiyam, don a wannan ɓangaren litiyam kan shige jikin alminiyam ya kumbura shi har ya rududduge.

Malam Nura: To me ya sa hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ce kusan kilo 53 a rahotonta na 2021? Kilo talatin ba kuskuren sikeli ba ne.

Dakta Isa: A motar fetur bakinsu ɗaya, 22 da 23. A ta lantarki ne babu adadi guda, sai an faɗi girman batir, irin injin da kuma volt. IEA ta yi nata lissafin a kan batir mai kWh 75 (kWh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa). Matsalar 83 ita ce an daskarar da shi alhali ƙirar mota tana tafiya. Caji na kilowat 200 a kan volt 400 yana jan amfiya 500. A kan volt 800, irin na Porsche Taycan da Hyundai Ioniq 5, amfiya 250 ne. Zafin da waya ke yi kuma ya koma kashi ɗaya bisa huɗu, shi ke nan sai a rage mata kauri. Duk wanda ya ninka 83 da yawan motocin 2040 ya ce ga buƙatar duniya, ya yi ganganci.

Malam Nura: Yauwa. Ga alminiyam ma yana cin kasuwar masu jan ƙarfe a wayoyi.

Injiniya Hauwa: Yana ci, amma da sharaɗi. Kashi 61 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka, dole a ƙara yawan ƙarfen da ke jikin wayar sau 1.6, ko da yake nauyinsa rabi ne. Inda ake shan wahala bakin waya ne. Da ya sha iska sai ya yi wata fata da ba ta wuce wuta. In an ɗaure shi da noti, a hankali yake lotsawa, ɗaurin ya saki, wurin ya fara zafi. In kuma ya haɗu da jan ƙarfe ga laima, shi ne zai cinye. Sai da kan waya mai ƙarfe biyu, ko walda ta girgizar sauti, sannan a toshe wurin kada ruwa ya shiga. A cikin injin kuwa ramin kwayil ƙunci gare shi, ba inda za a cusa ƙarin kaurin.

Alhaji Garba: Ku bar hasashe, ku dubi abin da masu jan ƙarfe suka yi da hannunsu. Rota, wato sashen da ke juyawa, a injin da ba shi da maganaɗisu galibi da alminiyam ake zuba ta, saboda yana narkewa a digiri 660. Jan ƙarfe sai 1085, yana taɓa mazubin ƙarfe mai sanyi sai fuskar mazubin ta tsattsage, bayan 'yan zubi a jefar. Ƙungiyoyin jan ƙarfe ne suka zuba kuɗi aka gano a yi mazubin da haɗin nikel, a gasa shi ya haura digiri 600 kafin zubi. Don kasuwarsu suka yi, ban musa ba, amma hasarar wuta a rota ta ragu, kuma duk mai ɗakin gwaji zai iya aunawa.

Malam Nura: Ranka ya daɗe, wannan na karɓa, don ana iya gwada shi. Amma wa zai biya kuɗin binciken da zai rage cinikinsa? Batirin LFP, wato na litiyam da baƙin ƙarfe da fosfet, ba nikel ba kobalt, ai ba daga ƙungiyar masu nikel za ka fara jin yabonsa ba.

Dakta Isa: LFP ɗin ma masu jan ƙarfe yake yi wa aiki. Wutar da yake riƙewa ba ta kai ta mai nikel ba, don haka kowane kWh yana cin falle mai yawa. Wanda zai taɓa su shi ne batirin sodiyam, don sodiyam ba ya shiga alminiyam, ɓangarori biyun duka da fallen alminiyam ake yi.

Injiniya Hauwa: Falle kawai zai cire, Dakta. Kwayil da inbata suna nan.