Wane suna za mu sa wa "jet" ɗin kafireto da Hausa?

Jama'a, musamman makanikai da masu kula da harshe, ina neman shawararku a kan kalma guda. Ɗan ƙarfen tagullar nan da ke cikin kafireto (inda iska da fetur ke haɗuwa kafin su shiga inji), wanda bai kai ƙwayar gyaɗa ba, mai huda a tsakiya, mu dai "jet" muke ce masa. Ina ganin ya cancanci sunan Hausa, kuma ina da dalili.

Akwai Honda CD175 na mahaifinmu, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1967 zuwa 1979, mai silinda biyu da kafireto ɗaya. Ya yi shekaru a jingine cikin zaure, kaji har ƙwai suke yi a ƙarƙashinsa. Bara na ɗauko shi, aka wanke tanki, aka sa ringi da fulogi sababbi, aka yi fenti. Kiki ɗaya yake tashi, silo lafiya lau. Amma da zarar na hau titi na murɗa totur har ƙarshe, sai ya fara tari, ya riƙa ja da baya, baƙin hayaƙi na fita ta salansa. In na kwance fulogi sai in tarar da shi baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya.

Wata guda ina fama. Daga ƙarshe na kai wa wani dattijon makanike da ya daɗe da rage aiki. Ya kwance kwanon kafireton, ya ciro babban jet, ya ɗaga shi saitin rana, ya runtse ido ɗaya. Ya ce, "Ɗana, wa ya soka wa wannan waya?" Na ce, "Baba, yaron da ya wanke min shi ne ya ce ya toshe." Ya miƙo min, ni ma na duba. Hudar da ya kamata ta zama zagayayya ta koma kamar ƙwai, gefenta duk zane. Yaron ya tsinko silin wayar kuloci ya yi ta sakace ta har ta buɗe.

Ban ga laifin yaron sosai ba. A tunaninsa hanya ce kawai ta wucewar mai, kuma hanya in ta toshe ai buɗe ta ake yi, in ta ƙara faɗi ma ya fi. Sunan "jet" bai gaya masa komai ba. Mu kanmu in aka ce jet, jirgin yaƙi ne ke fara zuwa mana a rai.

Alhali aikin abin awo ne. Injin fetur yana ƙona mai sosai ne idan iska ta kai kusan kashi 14.7 a kan mai kashi 1, a ma'aunin nauyi. Iska na bi ta maƙogwaron kafireto, inda aka matse shi, sai ta ƙara gudu, matsinta ya ragu, ta zuƙo mai daga kwano. Wani Ba'italiye mai suna Venturi ne ya yi bayanin wannan a 1797, shi ya sa maƙogwaron ke ɗauke da sunansa. To, yawan man da zai hau, faɗin wannan 'yar hudar ce ke yanke shi. Lambar da ke jikinta ba ado ba ce. A na kafireton kamfanin Keihin, wanda Honda ta saba sawa, lamba 100 tana nufin huda mai faɗin kusan milimita 1. A na kamfanin Amal, na tsofaffin baburan Ingila irin su BSA da Triumph, lambar tana nuna yawan man da ke wucewa a minti guda. Ku lissafa da kanku: hudar milimita 0.9 in aka sakace ta ta koma milimita 1, filinta ya ƙaru da kusan kashi 23 cikin 100. Ido ba zai gani ba, amma inji zai ji.

Saboda haka sunan da nake nema shi ne wanda in yaro ya ji, hannunsa zai yi sanyi kafin ya ɗauki waya.

Na tambayi mutane, kuma na samu amsoshi. Wani ya ce bututu. Bututu dogo ne, kuma tiyon da ke kawo mai daga tanki ya fi cancanta da sunan. Wani ya ce mazurari, to shi mazurari ba ruwansa da awo, zurarawa kawai yake yi. Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya tuna min cewa da Faransanci gicleur ake cewa, daga aikatau mai ma'anar tsartuwa, sai ya kawo "matsarta". Kalmar ta yi min daɗi a baki, gininta ma Hausa ce tsantsa, kamar matsefi da makulli. Matsalarta ɗaya ce da ta Turancin: tana nuna fitar mai, ta bar awon.

"Idon mai" ya fi daɗewa a raina. Muna cewa idon ruwa ga wurin da ruwa ke ɓuɓɓugowa, kuma babu mai hankalin da zai soka wa ido waya. Wannan kaɗai ya kusa sa in tsaya a kansa. Sai dattijon ya ce min wasu baburan suna da ɗan gilashin duba baƙin mai a jikin inji, kuma shi ne duk wanda ya ji "idon mai" zai nufa. Gaskiyarsa.

Na kuma so "mudun mai", don kowa ya san wanda ya bubbuga mudu ya faɗaɗa shi ya yi ha'inci. Amma mudu ɗiba ake yi da shi, ba a bi ta cikinsa. "Ma'aunin mai" kuwa tuni agogon da ke nuna saura nawa a tanki ya riga ya ɗauke.

Inda na tsaya shi ne kafar awo. Kafa dai ita ce 'yar ƙaramar huda, kamar kafar allura, awo kuma shi ne aikinta. Na san za a ce masu rubutu a waya ba sa bambanta k da ƙ, za a karanta ƙafa. Haka ne, amma ƙafar awo ba ta da ma'ana a Hausa, don haka mai karatu zai dawo hanya da kansa. Kuma muna rubuta kafofin yaɗa labarai kullum, ba wanda ya ruɗe.

Abin da ya ƙara kwantar min da hankali shi ne yadda sauran sassan suka zauna a kanta. Ƙaramin jet, wato ƙaramar kafa, ita ke riƙe da silo har zuwa kamar rubu'in totur. Daga rubu'i zuwa rubu'i uku allura ce ke mulki, wato siririn ƙarfen nan da ke hawa da sauka tare da totur, ita da gidanta, kuma allura ta daɗe da samun sunanta a gareji. Tana da tsaga-tsaga a kai inda ake sa ɗan maƙalli: in ka saukar da maƙallin ƙasa, allura ta ɗaga, mai ya ƙaru. Daga nan zuwa ƙarshen totur sai babbar kafa. Da na san wannan tun farko da ban ɓata wata guda ba, domin babur ɗina a ƙarshen totur kaɗai yake tari, wato yana nuna min babbar kafa da yatsa. Shi kuma aikin gaba ɗaya, na zaɓen lambar da ta dace da injin, sai mu ce awon kafa.

Awon nan kuwa ba a yinsa sau ɗaya a ce an gama. Babur ɗin da aka daidaita a Legas, a bakin teku, in ya hau Jos mai tsayin kusan mita 1,200, iska ta yi sauƙi, mai sai ya rinjaye ta. Da sanyin hunturu kuma iska ta fi nauyi, sai man ya ɗan gaza. Wanda ya cire matatar iska ko ya huda salansa don ƙara, shi ma ya taɓa awon ko da bai kwance kafireto ba.

Mun samo wata babbar kafa mai lamba daidai da ta asali daga wani mataccen kafireto, aka jiƙa ta a fetur, aka hura da iska, ba a kusance ta da ƙarfe ba. Bayan tafiyar kilomita kaɗan na kwance fulogi, ya fito ruwan ƙasa-ƙasa kamar shayi da madara.

Saura kalmomi biyu da nake so ku taya ni. Idan mai ya rinjayi iska, fulogi ya yi baƙi, ni "ƙoshi" nake cewa. Idan kuma ya gaza, fulogi ya yi fari, inji ya yi zafi, salansa na harbi in an saki totur, babur ya fi son a ja masa cok, sai in ce "ƙishi". Dattijon ya yarda da ƙishi, amma ya ce ƙoshi alheri ne, bai kamata a sa wa cuta sunansa ba, shi "ƙwarewa" yake cewa, kamar wanda ruwa ya ƙware. Makanikan Kano, Zariya, Sakkwato da Damagaram, ku me kuke cewa a garejinku?