Musayar Waƙa: Katinka Na Ina?

Mai Shayin Agege:

Sallama gare ku mazauna Ikko,
Ga tambaya, ban sami amsarta ba.
Rajistar zaɓe a Legas ta haura miliyan 7,
Masu fita ko miliyan 2 ba su kai ba.
Ranar zaɓen shugaban ƙasa, 25 ga Fabrairun 2023,
Samari na ƙwallo a titi, ba su je ba.
Yau kun cika bencina da ƙorafi,
Shayin da kuka sha ma ba ku biya ba!

Ɗan Acaɓan Idi-Araba:

Baba mai shayi, a yi mini uzuri,
Ba lalaci ba ne, gajiyawa.
A 2019 na tafi har gida,
Na bi layi, rana tana gasawa.
An hana acaɓa a Ikeja da Apapa,
Babur ɗina na hannun masu kamawa.
An cire tallafi, mai ya yi tsada,
Wa zan zaɓa? Kanwar ja ce, ba bambantawa.
Su kawo taliyarsu da sabulunsu,
In karɓa in yi gaba, ba waiwayawa.

Hajiya Mai Tuwo, Mile 12:

Ɗana, kukanka duk na ji shi,
Amma katin nan, ina ka yi shi?
Ka ce gida, to gida da nisa,
Kuɗin mota ya hana ka kai shi.
Ba ka jefa can, ba ka jefa nan,
Maras ƙuri'a, wa zai kula shi?
Hukumar zaɓe INEC na sauya wa mutum rumfa,
In an buɗe rajista, dawo da shi.
Obi da Tinubu a zaɓen 2023 a nan Legas,
Ratar ba ta kai dubu 10 ba, auna shi.
Ƙirga ’yan ci-rani daga Alaba Rago,
Zuwa Obalende, ka lissafa shi.

Ɗan Acaɓan Idi-Araba:

Hajiya, kin kama ni, ba musu,
Sai dai baƙo yana da tsoro.
In ’yan daba sun tare bakin layi,
Wa zai raka ni? Ba ni da tsaro.

Hajiya Mai Tuwo, Mile 12:

Mu ma ba ɗai-ɗai muke fita ba,
Mukan haɗu ne bayan asuba.
Ni da masu dako da ’yan albasa,
Har a ƙirga, ba mu watse ba.
Zo ka ci tuwo gobe mu tattauna,
Taho da katin naka in duba.