Neman shawara: yaro ya ƙi zama a darasin koyon magana, kakarsa ta fara ƙorafi

Malama, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ilimin masu buƙata ta musamman na karanta, ina aiki a wata cibiya mai zaman kanta inda ake kawo yaran da bakinsu bai buɗe da wuri ba. Akwai yaron da ya gagare ni, shekararsa 3 da 'yan watanni. Daga "mama" da "ruwa" sai "a'a", sauran duk nuni ne da jan hannu. Zamanmu minti 45 ne. Tun daga bakin ƙofa yake turjewa. A ɗora shi a kujera ya zame ya shige ƙarƙashin tebur, in fito da katunan hotuna ya watsar, in ce masa "ce mota" ya kau da kai, in matsa ya hau birgima. Kakarsa ke kawo shi don uwar tana wurin aiki, kuma da ya fara sai Hajiya ta ce, "Ka zauna ko likita ta yi maka allura." Jiya a gabansa ta ce min, "'Yar nan, in ba za ki iya ba ki faɗa mana, kuɗin adaidaita kaɗai ya ishe mu." Don Allah yaya kuke yi da irin waɗannan yara?

Baban Yara, Kano:
Wa alaikumus salam. Malama, sangarta ce. Ki sa alawa a jaka, ya faɗa ki ba shi, ya ƙi ki ɗaure fuska. Mu a makarantar allo ganin dorina kaɗai ke zaunar da mu.

Anti Nas (sashen kunne, hanci da maƙogwaro):
Ƙanwata, an auna jinsa? Ba ki faɗa ba, kuma nan ya kamata a fara. Yara masu wannan shekarun, bayan yawan mura, ruwa kan taru a bayan dodon kunnensu. Ba ciwo, ba zazzaɓi, ba ruwan da ke fitowa, shi ya sa gida ba sa lura. Yaron yana jin magana kamar wanda ya toshe kunnuwa da yatsa. Za su ce miki ai yana juyowa in an buga ƙofa. Jin ƙarar ƙofa daban, rarrabe "s" da "sh" da "f" daban. Kina Kaduna, ga Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a garinku. Awon dodon kunne 'yan mintoci ne, ba zafi, kuma akwai awon da ake yi yaro yana barci in ya ƙi ba da haɗin kai. Ki tambayi uwar ko ya yi ciwon shawara mai tsanani yana jariri, ko sanƙarau, ko ƙyanda, ko hangum. Duk suna iya taɓa ji.

Malam Babba, Jos:
Na goyi bayan Anti, a yi awon. Kafin sakamako ya fito, ga abin da nake gani.

Malama, ki dubi ɗakin da idon yaron. An shigo da shi wurin baƙuwa, an ce masa mai allura ce, an ɗora shi a kujera, sannan ana ta neman ya yi abin da ya fi komai yi masa wuya a duniya. Ni ma da ƙarƙashin tebur zan nufa. In kina sa farar riga, ki cire. Ki ture tebur gefe, ki shimfiɗa tabarma, ki zauna ƙasa yadda fuskarki za ta zo daidai tasa.

Ki ajiye "ce kaza" gaba ɗaya na wani lokaci. Ki bar shi ya ɗauki abin da ransa ke so, ke ki bi shi. Ya ɗauki mota, ki ɗauki taki, ki yi abin da yake yi, ki ce "mota… bibib… ta faɗi!" ki yi shiru. Shirun nan shi ne rabin aikin. Ki ƙirga goma a zuci kina kallonsa da alamar jira. Ba sabon abu ba ne, Cibiyar Hanen da ke Toronto a Kanada tun 1975 take koya wa iyaye su lura, su jira, su saurara.

Sannan ki sa ya buƙace ki. Kumfar sabulu: ki hura sau ɗaya, ki rufe kwalbar, ki jira. Ko ki sa motar a robar da yake ganin cikinta amma ba zai iya buɗewa ba. Ya miƙo miki, ya kalle ki, ko ya ce "uh", duk magana ce a matakinsa. Ki ce "buɗe", ki buɗe nan take. Nan na saɓa da Baban Yara. Ladan neman mota ita ce mota. In alawa ce lada, ya koyi yadda ake samun alawa ne, kuma ranar da ya ƙoshi aikinki ya tsaya. Dorina kuwa tana zaunar da yaro, amma bakinsa take ƙara rufewa, mu kuma bakin muke nema.

Katunan nan naki, na tabbata na waje ne, masu hoton tuffa da dusar ƙanƙara. Ki kawo kofi, ludayi, buta, takalmi, abin da yake taɓawa kullum. Ki yi masa yaren da ake yi masa a gida. Kuma kar ki dage sai ya kalli ƙwayar idonki, yaron da ake hana shi zura wa babba ido ne.

Minti 45 ya yi wa ɗan shekara 3 yawa a abu ɗaya. Ki yanka shi gajeru-gajeru, ki sa tsalle ko ƙwallo a tsakani, ki riƙa ba shi zaɓi biyu: "ƙwallo ko kumfa?" In birgimar ta zo, kar ki yi kokawa da shi, kar kuma a saɓe shi a tafi gida, don gobe zai san hanyar fita. Ki yi shiru kusa da shi, ya huce, ki kawo abu mai sauƙi da ya iya, a kansa za a tashi.

Maman Biyu, Zariya:
Ni uwa ce, ba ma'aikaciya ba. Tawa haka ta riƙa yi, ashe lokacin ne bai yi ba. Da azahar muke isa, ta sha rana a mota, ga yunwa ga barci. Da aka mayar da mu safe sai ta zama wata yarinya daban. Kuma malamar ta ce in riƙa ɗaukar ta bidiyo a gida tana wasa da yayanta, a nan ta ji kalmomin da ba ta taɓa ji a ofis ba. Ki tambaya awa nawa yake yi da waya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce 'yan shekara 2 zuwa 4 kada su wuce awa ɗaya a rana. Wani abu kuma, ki yi sauri ki ja kunnen iyayen yaron kafin dangi su ce a kai shi wurin wanzami a yanke linzamin da ke ƙarƙashin harshe. Mu ma an kawo mana wannan shawarar, likita ya duba ya ce harshenta lafiya lau.

Likitan Yara, Sakkwato:
Ki lura da abu uku: yana amsa sunansa? Yana nuna miki abu don ki gani kawai, ba don yana so ba? Yana wasan kwaikwayo, kamar ba 'yar tsana abinci? In duk babu, kuma jinsa lafiya, a kai shi likitan yara a duba galahanga, wato autism, lalurar da ke shafar magana da cuɗanya da mutane. Kar ki ambata wa Hajiya sunan cuta da bakinki. In ya zama sai da hotuna zai nemi abu, ki ba shi, ba sa hana magana fitowa.

Baban Yara, Kano:
Malam Babba, na ji, amma makaranta zai shiga. In aka biye masa yana yawo a tabarma, yaushe zai koyi zama? Iyaye kuma in suka ga wasa ake yi za su ce an cinye musu kuɗi.

Malam Babba, Jos:
Zai koya, Alhaji. In ya saba da ita, za ta dawo da tebur na minti biyu, ta nuna masa hoto biyu: wannan tukuna, sannan kumfa. A hankali ake ƙarawa. Maganarka ta biyu kuwa gaskiya ce, ita ce ma ta fi ba mu wuya a aikin nan.

Malama, Kaduna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kira uwar, ba a taɓa auna jinsa ba, kuma ta ce da baki buɗe yake barci, yana minshari. Yana amsa suna, yana nuna abu. Saura Hajiya. Sa'ar kakata ce, ba zan iya ce mata ta daina zancen allura ba.

Hajiya Kaka, Katsina:
'Yata, kar ki ce mata ta daina komai, aiki za ki ba ta. In ta zo ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, "Hajiya, yaron nan ya fi jin maganarki, ki taimake ni." Ki tambaye ta waƙar rainon da take yi masa, ta rera, in ta zo gaɓar da ya fi so ta tsaya ta jira shi. In ya motsa baki, ki nuna mata: "Kin gani, Hajiya? Wannan muke nema." Minti 15 na ƙarshe ki bar mata shi, ke kina gefe. Zancen allura ki bar wa uwar ta faɗa mata a gida. Batun minsharin kuma ki rubuta musu a takarda su nuna wa likitan kunne, don in sun je can mantawa za su yi.